Magana a kan lalitar waya da ta shigo unguwanninmu

 

Ku sani, ya 'yan'uwa, wanda ya taso daga ƙofar Asibitin Malam Aminu Kano ya bi Titin Zariya ya ratsa Gyaɗi-Gyaɗi har Kasuwar Tarauni, ba zai yi nisa ba face ya ga laima da ɗan teburi da saurayi riƙe da na'urar POS. Mai shayi ya rataye lambar asusu, mai nama ya rataye, har mai lemo da ayaba. Abin da ya game gari haka bai kamata malamai su bar shi ba bincike ba, domin almajirai suna tambaya, kuma ni kaina an tambaye ni fiye da sau ɗaya.

A ƙasar Kenya lamarin ya shahara, inda kamfanin Safaricom ya fitar da M-Pesa a 2007, mutum ya aika kuɗi da ƙaramar waya ba tare da ya taka banki ba. A Najeriya Paga ya fara a 2009. Sa'an nan Babban Banki, zamanin da Sanusi Lamiɗo Sanusi yake gwamnansa, ya kafa dokar rage hulɗa da tsabar kuɗi a Legas a 2012, aka kawo ta Kano a 2013. Amma a wancan lokaci talaka bai ko waiwaya ba.

OPay ya bayyana a 2018. Mu a Kano ba da kuɗi muka fara saninsa ba, da adaidaita sahu muka san shi a 2019, ana kiran direba ta waya a biya araha. Hayar ta mutu a 2020, lalitar ta rayu. PalmPay ya zo a 2019, da goyon bayan masu ƙera wayoyin Tecno da Itel waɗanda suka cika kasuwar Farm Centre. Shi kuwa Moniepoint, Tosin Eniolorunda da Felix Ike suka kafa kamfaninsa a 2015 da sunan TeamApt, daga baya ya raba wa wakilai na'urori lungu-lungu.

Abin da ya ɗaukaka su haƙiƙa shi ne wahala. A Oktoban 2022 Babban Banki ya yi shelar canza takardun naira 200 da 500 da 1,000. Da 2023 ta kama, tsohon kuɗi ya ƙi karɓuwa, sabo ya ƙi samuwa, mutane suka riƙa sammako a ƙofar bankuna, manhajojin manyan bankuna kuma suka dinga cijewa. A nan ne aka ga tiransifar waɗannan ƙananan tana shiga nan take. Dattijon da ya rantse ba zai taɓa ba, ya aiki jikansa a buɗe masa. Kotun Ƙoli ta mayar da tsohon kuɗi a watan Maris, amma jama'a ba su koma yadda suke ba.

To, ga abin da nake gani, kuma ina neman malamai su duba. Aika kuɗi daga gari zuwa gari ba sabon babi ba ne. Wanda ya karanta Muhtasar ya san maganar suftaja, watau ka ba mutum dukiya a nan wakilinsa ya biya a wani gari, ya kuma san malamanmu sun yi sauƙi a cikinta idan tsoron hanya ya game. Wanda ya san halin hanyar Kaduna ko ta Gusau a shekarun nan ba ya bukatar a yi masa sharhi. Uban almajiri yana ƙauye ya turo kuɗin sabulu ya iso kafin a tashi daga darasi. Wannan alheri ne, ban ga dalilin ƙyamarsa ba.

Ladan mai POS ma, muddin sananne ne gwargwadon ɗawainiyarsa da hayar wurinsa, ina ganin ijara ce. Amma na gani da idona a 2023 an cire wa wata tsohuwa dubu biyu a cikin dubu goma, don kawai takarda ta yi wuya. Ɗawainiyar ba ta ƙaru ba, na'urar ita ce ta jiya. Wannan sayar da naira ne da naira tare da ƙari, ko da wane suna aka kira shi.

Mafi ɓoyuwa daga wannan, wasu manhajojin suna da ɗaki na ajiya mai ƙara wa mutum 'yan kwabbai kowace safiya, da wani ɗaki na rance mai ruwa. Yaro yana danna abin da bai karanta ba, da turanci aka rubuta, gobe ya ga ƙari ya ɗauka kyauta ce. Ya wajaba mai sani ya zauna da almajiransa ya nuna musu ɗakin nan da yadda ake rufe shi. Wanda ke son ajiya mai tsawo, akwai bankin Jaiz da ya fara aiki ba ruwa tun 2012, Kano tana cikin garuruwan farko da ya buɗe reshe.

Saura amana. Wani almajirina ya ara wa abokinsa asusu a turo kuɗi, ashe kuɗin na zamba ne. Aka toshe asusun da ɗan jarinsa na sayar da turare a ciki, muka yi makonni muna kai da kawowa. Ku sani lambar BVN, wadda aka fara a 2014, tana ɗaure da hoton yatsun mai ita, duk abin da ya bi ta asusunka kai za a tambaya. Saboda irin wannan ne Babban Banki ya hana OPay da PalmPay da Moniepoint da Kuda ɗaukar sababbin mutane a Afrilun 2024, bai sake su ba sai a Yuni, bayan sun tsananta tantancewa.

Malamin da ya samu amsa a kan ladan mai POS da ta saɓa wa tawa, ya rubuto da hujjarsa, za mu buga ta a fitowa ta gaba in Allah ya so. Wassalam.