Tsakanin "Yi Haƙuri" Da Dawanau: Batun Bubbuga Jiki Don Maganin Damuwa

Kwanakin baya na leƙa Fagge domin gaishe da wani ƙanena, ɗan baffana, wanda ke sayar da atamfa da shadda a wata 'yar rumfa daura da Kantin Kwari. Bayan sallar La'asar, ciniki ya ɗan lafa, sai na ga ya jingina da dilar kaya, ya lumshe ido, yana bubbuga gefen hannunsa da 'yan yatsu biyu. Daga nan ya koma kan gira, ya sauko ƙarƙashin ido, ya gangaro haɓa, duk yana yi bakinsa na motsi. Da farko na zaci wani wuridi ne aka ba shi. Da na tambaye shi sai ya ce, "Yaya, ai magani ne. Hanyoyin ƙarfin jikina ne suka toshe, shi ne nake buɗe su."

Wannan bawan Allah yana cikin waɗanda gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris na shekarar 2016 ta rutsa da su, lokacin da dubban shaguna suka ƙone a dare guda. Tun daga wancan lokaci barcinsa bai koma daidai ba, kuma ko shara aka ƙona a maƙwabta, da zarar ya ji ƙauri sai gabansa ya yanke ya faɗi. A wayar salula ya fara ganin bidiyon bubbugar, daga bisani ya biya kuɗi ya halarci wata bita a wani zauren taro cikin Sabon Gari, inda aka koya musu, aka kuma tallata musu wasu ƙwayoyin ƙarin kuzari. Ya rantse mini cewa tun da ya fara yana samun sauƙi. Ban ƙaryata shi ba, ban kuma yi masa dariya ba. Abin da ya hana ni sakat shi ne tambayoyi biyu: mene ne ainihin abin da ya ba shi sauƙin, kuma me ya sa mutum zai yi shekaru da ciwo irin wannan a birni kamar Kano, sai bidiyo ne zai fara kula da shi?

Yana da kyau mai karatu ya san inda abin ya samo asali. Wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Amurka mai suna Roger Callahan ne ya fara shi a farkon shekarun 1980. Bisa ga labarin da shi kansa ya bayar, wata mata ce mai tsananin tsoron ruwa ya sa ta bubbuga ƙarƙashin idonta, sai ta ce tsoron ya tafi. A shekarun 1990 wani almajirinsa, Gary Craig, wanda injiniyanci ya karanta a Jami'ar Stanford ba likitanci ba, ya sauƙaƙa tsarin ya ba shi sunan da ake taƙaitawa da EFT, wato dabarun 'yantar da zuciya. Yadda ake yi shi ne, mutum ya auna damuwarsa daga 0 zuwa 10, ya ambaci matsalar da bakinsa tare da cewa duk da haka ya karɓi kansa, sa'annan ya bi wasu gurabe kamar tara yana bubbugawa, tun daga gefen hannu da tsakar ka har zuwa ƙashin wuya da ƙarƙashin hammata. Dalilin da masu abin ke bayarwa aro ne daga tsohon likitancin ƙasar Sin, wanda ya haura shekara 2,000, inda aka yi imani cewa akwai manyan hanyoyi 12 a jikin mutum da wani abu ke gudana a cikinsu. Sinawa na furta sunan abin kusan kamar "ci" ɗinmu na Hausa, sai dai nasu ba shi da alaƙa da tuwo. A kan waɗannan hanyoyi ne masu soka siraran allurai suke aiki. Masu bubbuga kuwa sun ajiye allura sun ɗauki yatsa.

A nan ne fannina na nazarin harshe ya shigo. Kalmar da Turawa suka fassara wancan "ci" da ita, ita ce dai kalmar da suke amfani da ita ga wutar lantarki da fetur da abin da abinci ke bai wa jiki. Da ta iso Hausa sai ta rabu uku: wani ya ce ƙarfi, wani ya ce kuzari, wani ya ce makamashi, har na ji mai cewa "lantarkin jiki". Alal haƙiƙa jiki yana da makamashi, kuma an san shi: abinci ne ke narkewa ya zama sukari, ƙwayoyin halitta su sarrafa shi da iskar da muke shaƙa. Yana kuma da lantarki, domin shi ne na'urar asibiti take aunawa idan ta zana bugun zuciya a takarda. Duk waɗannan ana auna su, a sake aunawa, a sami abu guda. Amma hanyoyin nan 12, duk da ɗaruruwan shekarun da aka yi ana feɗe jikin ɗan Adam ana bin jijiyoyinsa, ba a same su ba. Mai talla sai ya fake da kalma guda ya haɗa abin da aka tabbatar da wanda ba a tabbatar ba, mai saurare kuwa ya ji kamar kimiyya ce ke magana.

Mu Hausawa ai mun fi kowa sanin cewa a jiki ake jin baƙin ciki. Mukan ce gabana ya faɗi, jikina ya mutu, zuciyata ta yi baƙi, abin ya tsaya mini a ƙirji, hantata ta kaɗa. Amma babu Bahaushen da zai je asibiti ya nemi a ɗauko masa gabansa da ya faɗi, domin ya san salon magana ne da ke siffanta abin da yake ji. "Toshewar hanyoyin ƙarfi" ma irin wannan salo ne, kuma ba laifi gare shi a matsayin salo. Laifin yana farawa ne ranar da aka mayar da adon magana ya zama sakamakon gwaji, aka sa masa farashi.

To, ke nan ƙanena ƙarya yake yi? Ko kusa. A shekarar 2003 wasu masu bincike biyu a Kanada, Wendy Waite da Mark Holder, sun gwada abin a kan ɗaliban jami'a 119 masu tsoron wasu abubuwa. Wani rukuni ya bubbuga guraben da aka tsara, wani ya bubbuga wasu wurare dabam a hannu, wani ya bubbuga jikin 'yar tsana, na huɗu kuwa bai yi bubbugar ba. Rukunoni ukun farko duk tsoronsu ya ragu, kusan daidai wa daida. Idan bubbuga 'yar tsana zai yi aikin da bubbuga "hanyoyi" ke yi, to a fili yake cewa sirrin ba a hanyoyin yake ba. Daga baya magoya bayan tsarin sun wallafa gwaje-gwaje da dama da suka nuna amfani, masu suka kuma suka nuna cewa yawancinsu ƙanana ne, kuma masu abin ne da kansu suka gudanar da su. Bayanin da ya fi kwanta wa hankali shi ne, mai bubbuga yana yin wasu abubuwa da likitocin zuciya da ƙwaƙwalwa suka daɗe da sanin amfaninsu: yana zama ya natsu, numfashinsa ya sassauta, ya kira abin da ke cinsa da sunansa, ya maimaita fuskantarsa a cikin aminci har kaifinsa ya dushe. Uwar da ke bubbuga bayan jaririnta don ya yi barci ba ta san wata taswirar Sin ba, kuma yaron yana barci. Haka nan al'ummar da ta saba da tofi a tafin hannu a shafe jiki kafin kwanciya, ba za ta ga baƙunta a haɗa magana da taɓa jiki ba.

Tambaya ta biyu ita ce ta fi muhimmanci. Fagge da Sabon Gari, waɗanda yau ƙaramar hukuma guda ta haɗa su, tun fil azal ƙofofi ne da baƙon kaya ke shigowa Kano: Fagge zangon fatake ne a bayan ganuwa, Sabon Gari kuwa an kafa ta ne wajajen 1913 bayan isowar jirgin ƙasa. Amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Haja ba ta karɓuwa sai da mabuƙata. Mu tuna abin da mutanen wannan yanki suka gani. Ranar 20 ga Janairu 2012 hare-haren da aka kai Kano sun hallaka mutum aƙalla 185. Ranar 18 ga Maris 2013 bom ya tashi a tashar manyan motoci ta New Road, a ƙarshen Yuli na shekarar kuma wasu suka sake tashi a cikin Sabon Gari. Sai gobarar 2016. An binne mamata, an yi jaje, an sake gina shaguna. Wa ya koma ya tambayi direban da ya kwashe gawarwaki, ko matar da ta ga mijinta na ƙarshe a bakin tasha, ko ɗan kasuwar da ya tsaya yana kallon jarinsa na shekara 20 yana ci da wuta, yadda suke kwana?

Harshenmu na yau da kullum kusan masauki biyu kawai ya tanadar wa irin waɗannan mutane. Na farko shi ne "yi haƙuri", wanda kalma ce mai daraja, amma sau da yawa mukan yi amfani da ita wajen rufe bakin mai kuka kafin mu ji abin da ke damunsa. Na biyu shi ne "taɓin hankali", kuma a Kano da zarar an ce "a kai shi Dawanau", an gama da mutum: ba mai ba shi bashi, ba mai ba shi 'ya. Tsakanin waɗannan biyu akwai fili mai faɗi inda dubban mutane suke zaune, suna zuwa kasuwa, suna biyan kuɗin makaranta, amma ba sa barci. Ga shi kuma likitocin wannan fanni a Najeriya, bisa ga alƙaluman da ƙungiyarsu ta sha bayyanawa, ba su kai 300 ba ga al'ummar da ta haura miliyan 200. Mai bubbuga ya zo ya ce wa mutum, "Kai ba mahaukaci ba ne, toshewa ce kawai." Ya ba shi suna marar abin kunya, ya ba shi abin yi da hannunsa. Hausawa na cewa wanda ruwa ya ci, ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Haɗarin kuwa ba a yatsa yake ba, domin bubbuga haɓa ba ta kashe kowa. Yana cikin abin da ke biyo baya: a ce wa mai hawan jini ko ciwon sukari ya ajiye maganinsa tunda an buɗe hanyoyinsa, a riƙe mai jegon da ta daina cin abinci ta daina kula da jaririnta ana bubbugawa har abin ya ta'azzara, a ɗauki mai faɗuwar gaba saboda ciwon zuciya na haƙiƙa a ce tunani ne, ko wanda ya fara furta cewa ya gaji da rayuwa a sallame shi da bidiyo. Sa'annan ga tatsar aljihun talaka da sunan bita da ƙwayoyi.

Akwai darasi daga Zimbabuwe. A 2006 wani likita mai suna Dixon Chibanda ya fara horar da tsofaffin mata a birnin Harare, ana ajiye su a kan benci a harabar ƙananan asibitoci, suna sauraren masu damuwa, suna taimaka musu su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya. Ba su yi amfani da sunan cuta na Turanci ba. Sun ɗauki kalmar harshen Shona da ke nufin yawan tunani. A 2016 aka wallafa sakamakon gwaji a kan mutum 573, wanda ya nuna waɗanda suka zauna a kan bencin sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba. Mu ma ai muna da "yawan tunani", muna da "damuwa", muna da "firgita", kalmomin da mutum zai iya furtawa a gaban surukinsa ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Muna da dattawa, muna da ungozoma, muna da malaman Islamiyya da limamai da fastoci a Sabon Gari, waɗanda dama su jama'a ke fara kai wa kuka.

Saboda haka kirana ga hukumomi guda uku ne. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairu 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta sauko daga takarda ta iso ƙananan asibitocin unguwanni, a horar da ma'aikatansu su gane damuwa su kuma san lokacin da za su tura mutum gaba. Na biyu, gwamnatin da ta iya tayar da dillalan magunguna daga Sabon Gari zuwa Dangwauro a 2024, ba za ta gaza sa ido kan masu alƙawarin warkar da kowace cuta a zaurukan taro da gidajen rediyo ba. Na uku ya shafe mu malaman jami'a: ya kamata masana harshe da likitoci su zauna su daidaita kalmomin Hausa na wannan fanni, domin ciwon da ba shi da suna mai mutunci, ɓoye shi ake yi.

Shi kuwa ƙanena, ban hana shi bubbugarsa ba. Na dai roƙe shi abu biyu: kada ya ƙara sayen ƙwayar da bai san abin da ke cikinta ba, kuma ya yarda in raka shi ya ga likita. Ya yi shiru, can ya ce, "Yaya, in dai ba za a ce na haukace ba." Daga nan ya fara ba ni labarin daren gobarar, tun daga wayar da aka yi masa har zuwa wayewar gari, abin da bai taɓa gaya mini ba duk tsawon shekarun nan, ni kuma ban taɓa tambayarsa ba. Muna nan zaune har aka kira Magariba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na fili da na ɓoye, amin.