Malamin da ya sa muka mayar da waya aljihu

Wannan makon a kan hoto za mu yi magana. Kada wani ya ce abin bai shafe shi ba, domin mai alƙalami da mai kyamara duk da ido suke fara aiki.

Yau kowa na da waya, kowa ya zama mai hoto. A ganinmu, abin da ya yi ƙaranci shi ne malamin da zai koya wa mutum kallo.

Mu da muka yi karatu a Dutsin-Ma mun dace da irin wannan malami. Wata safiya ya kai mu madatsar ruwa ta Zobe. Muna isa kowa ya zaro waya, sai ya ce a mayar aljihu. Muka zauna kusan awa guda. Sannan ya tambaye mu: ta ina haske ke faɗowa a kan ruwan? Wane hannu masuncin can ke fara jan taru da shi? Muka yi tsuru-tsuru. Da ya ba mu izini, hoto uku kacal ya yarda kowa ya ɗauka. Ya ce a zamanin fim hoto 36 ne a naɗi ɗaya, dole mutum ya yi tunani kafin ya danna.

Darasi na biyu a kasuwar Kurfi muka same shi. Ɗayanmu ya ɗauki wata tsohuwa mai sayar da daddawa ba tare da ta sani ba. Malam ya sa ya koma ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Iya, ga abin da na yi." Ta duba, ta ce a goge. Hoton ya yi kyau ƙwarai, amma aka goge shi.

Ko manyan masu hoto sai da wani ya riƙe hannunsu. Malick Sidibé na ƙasar Mali zane ya fara koya. A 1955 ya shiga shagon wani Bafaranshe, Gérard Guillat, a Bamako, a nan ya koyi sana'ar. A 2007 aka ba shi babbar lambar yabo a baje kolin fasaha na birnin Venice. Hotunansa na samari da 'yan matan Bamako ne cikin kwalliya da annashuwa, mutanen da suka yarda da shi suka tsaya gabansa.

Dalilin da ya sa muka taso da zancen shi ne halin da yankinmu ya shiga na rashin tsaro. Da zarar an kai hari, kafin dangi su ji labari hoton gawa ya zagaye Facebook. Wasu za su ce ai sai da hoto hukuma ke motsawa. Da gaskiyarsu, shaida tana da amfani. Amma ana iya nuna rumbun da aka ƙona da gonar da aka bari ba tare da an tona asirin mamaci ba. Idan muka ci gaba a haka, jikokinmu za su nemi Dutsin-Ma da Kurfi su tarar da kuka kawai, babu hawan sallah, babu masunci, babu mai daddawa.

Mu ma marubuta muna ɗaukar rayuwar mutane mu zuba a labari. Mu daɗe muna kallo kafin mu rubuta, mu nemi izini inda ya kamata. Wanda kuma ya samu malami irin namu, ya ja ƙarami ɗaya a jiki ya koya masa.

Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya ba mu zaman lafiya.