Gyaran Rubutu Ba Ƙaramin Aiki Ba Ne

Tun 1991 da Linus Torvalds ya fito da Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, kowa yana iya duba rubutunsa ya kawo gyara. A tsakanin umarnin da na'ura take bi akwai bayanai da Turanci, waɗanda aka rubuta domin mutane. Wasu suna ganin gyaran haruffa da nahawu a cikinsu ɓata lokaci ne, tunda na'ura ba ta karanta su. Sai dai mai gyaran gobe da su zai dogara, kuma sau da yawa Turanci ba harshensa ba ne. Kalmar da aka rubuta ba daidai ba, ko ya neme ta a ƙamus ba zai same ta ba. Saboda haka ya kamata a karɓi irin wannan gyara hannu bibbiyu.