Wai Karta Wasan Basira Ce, Ba Caca Ba?

'Yan uwa 'yan tafiya, kwanan nan ina jin wasu matasanmu suna cewa wai foka, kartar nan ta Turawa da ake bugawa a waya, ba caca ba ce, wasan ƙwaƙwalwa ce kamar dara. Har hujja suke kafawa da wani alƙalin Amurka da ya yanke haka a 2012. Ya yanke ɗin, amma kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2013. Wannan kam ba sa faɗa.

Ni ban musa akwai basira a ciki ba. Gwani yana lissafi, yana karantar salon abokin wasa, ya san lokacin janyewa. To amma kuɗin wa yake ci? Na ɗan adaidaita sahun da ya zuba cinikin yini guda. Kamfani kuwa yana yankar kasonsa a kowane zagaye, ko wa ya ci. Abin takaicin, wanda aka cinye ba zai ce caca ta kama shi ba, cewa zai yi bai gama ƙwarewa ba, gobe ya ci bashi ya koma.

A Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta ce dokar caca hurumin jihohi ne, don haka ba sauran laɓewa bayan Abuja. Hisbah ta rufe shagunan caca a Kano, madalla, sai dai shagon yanzu yana cikin aljihun yaro. 'Yan majalisarmu da muka sha rana muka zaɓa, muna jiran dokar da za ta kira cacar waya da sunanta, tun kafin kamfanonin nan su shigo mana da rigar "wasan basira".