Yaron da ya fi jigata shi ne a gaba

Kowace shekara, daga Agusta zuwa Oktoba, masassarar cizon sauro da tamowa kan haɗu su cika gidajen likita na Maraɗi da Damagaram da yara. A watan Satumba na 2018, ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayyana cewa yara goma ne ke rasuwa kowace rana a asibitin Magarya. Da yawa cikin yaran da ke mutuwa a asibiti ba su cika kwana ɗaya a kan gado. Ke nan a bakin ƙofa ake tsirar da yaro, kuma wanda ke tsaye a bakin ƙofar shi ne infirmiye.

Tun 2005 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta fitar da tsarin tantance yara da ake kira TETU. Horon bai kai mako guda ba. Ana koya wa ma'aikaci ya duba layi, nan take ya gane yaron da numfashinsa ke sarƙewa, da mai taune-taune, da wanda ya suma, da wanda zawo ya tsotse, ya fara da su. A birnin Bulantaya na Malawi, da aka horar da ma'aikata aka gyara wurin karɓar yara, mace-macensu ya ragu ƙwarai.

A 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5. Madalla. Amma magani kyauta ba ya tayar da yaron da ya cika a cikin layi. Wajibi ne makarantun ENSP na Yamai da Damagaram su sa wannan horo cikin jarrabawar fita, a riƙa sabunta shi kafin kowace damina, ministan lafiya kuma ya daina canza wa horarru wurin aiki a tsakiyar masassara.

Sai mu juyo kanmu, ƴan kasuwa da ma'aikata. Mu ne masu shiga ta ƙofar baya, mu ne masu cewa «ka san ko ni wane ne?». Ran da infirmiye ya wuce ɗan alhaji mai mura ya ɗauki ɗiyar baƙauya mai taune-taune, aikinsa ya yi. Kada a kai ƙararsa wurin magabata, a gode masa. Gobe mai taune-taunen na iya zama naka.