Zancen Gida: Baƙon da Ya Gudo

'Yan'uwa, a shekarar 2019 dubban mutane sun gudu daga Sakkwato, Zamfara da Katsina saboda 'yan bindiga, suka ƙetara ƙasar Maradi. Talakawan ƙauyukan Gidan Rumji suka karɓe su, suka raba ɗaki da hatsi da su. A nan Kebbi ma, mutanen Danko-Wasagu sun sha irin wannan gudu a 2021.

To, in irinsu suka iso Cheberu, yaya ikkilisiyarmu za ta yi? Mu tuna, Ubangijinmu ma an gudu da shi Masar yana ƙaramin yaro. Zumuntar Mata ta kai tuwo, samari su gyara ɗaki, dattawa su ba da aron gona. Kada mu tambayi addininsu. Mu zauna mu ji labarinsu, gama tuwo yakan ƙare, zumunci kuwa yakan daɗe.