Yaro mai tsoron doki, ina za a fara ɗora shi?

Da Sallah ta matso, sai ka ga an ɗora yaro ɗan shekara bakwai a kan ingarma a lungunan Fagge, jikinsa na rawa, yayyensa na yi masa tsawa wai ya zama namiji. Ina ƙaunar hawa. Tun da UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya a Disambar 2024, kowane uba na son ganin ɗansa a kan sirdi ranar Hawan Nasarawa, ni ma ban ga laifinsa ba. Wurin koyon ne ke damuna. Titin Ibrahim Taiwo da France Road ba fagen ɗan koyo ba ne: kwalta na sa kofato santsi, hon ɗin A Daidaita Sahu guda ɗaya kuma ya isa ya firgita doki. A tsaunukan Faransa, masu zamiya a kan ƙanƙara sun raba gangara da launi, kore na ɗan koyo, baƙi na gwanaye, kuma a koren ake fara sa yaro. Mu ma mu nema masa fili mai yashi, da sassafe kafin Kantin Kwari ya cika. A zaɓi tsohon doki mai sanyin hali, a rage tsawon likkafa daidai ƙafarsa, babba ya riƙe ragama yana tafiya a ƙasa. In yaron ya ce a sauke shi, a sauke shi nan take, gobe a dawo. Kilisa da sukuwa su jira sai ranar da ya nema da bakinsa.